Kafin A Tsira Wa Doki Allurar Siliniyom A Tambuwal Da Kebbe

Idan Sallah ta ƙarato, hutu ya ƙare a bargar mai doki a Tambuwal. A fito da sirdi a kakkaɓe, a goge likkafa, a duba linzami da ragama, a ƙara wa doki dusa da harawa don ya murje, gashinsa ya yi sheƙi. Wannan tsohon shiri ne, haka aka gada. Abin da ya shigo daga baya shi ne kwalba da sirinji. Yau ba abin mamaki ba ne mai doki ya aiki yaro shagon maganin dabbobi ya sayo "allurar ƙarfi" ko "ta ƙarin jini", a tsira wa dabbar ana jibi hawa. Cikin kwalaben da ake sayarwa da wannan suna akwai masu ɗauke da bitamin E haɗe da wani sinadari da ake kira siliniyom, wanda masu talla a intanet ke yi wa kirari da cewa yana ƙarfafa garkuwar jiki.

Ba ƙarya suka shara gaba ɗaya ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Siliniyom yana da hannu a garkuwar jikin doki, wannan tabbatacce ne. Abin da mai talla ba ya faɗa shi ne, tazarar da ke tsakanin abin da zai amfani doki da abin da zai halaka shi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ta fi ta yawancin sinadaran da ake zuba wa dabba a abinci ƙanƙanta. Don haka bai kamata a ba dokin Tambuwal ko na Kebbe wannan sinadari da ka ba, sai an auna an ga yana buƙata.

Wanda bai san yankin ba zai ce mene ne na ɓata tawada a kan doki alhali mutane ma na neman magani. Tarihin wurin ya ishe shi amsa. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, dawakan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kimanin 20 ne kacal, amma ba a daɗe ba Daular Usmaniyya ta kafu a kan mahaya, 'yan lifidi da 'yan sulke. Tambuwal kuwa mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne, wanda ya tsare wa daular wannan kusurwa ta kudu maso yamma, aikin da ba ya yiwuwa a ƙasa. Yaƙi ya wuce, doki bai bar ƙasar ba. Daga Dogon Daji, Jabo da Sanyinna har Kuchi da Margai, basarake ba ya cika basarake ranar hawa sai da ingarma a ƙarƙashinsa, ga 'yan kasuwa masu kiwo don sha'awa, ga samari masu kilisa da sukuwa. Doki mai kyau dukiya ne, wani lokaci ya fi abin da ke cikin rumbun mai shi daraja.

Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya gano siliniyom a 1817, kuma da sunan guba duniya ta fara sanin tasirinsa a jikin dabba. A 1856 wani likitan sojan Amurka mai suna Madison, da ke aiki a sansanin Fort Randall a gaɓar kogin Missouri, ya lura dawakan rundunarsu da ke kiwo a wani fili suna zubar da gashin geza da na wutsiya, kofatansu suna ciwo har tafiya ta gagare su. Sai a shekarun 1930 aka gane cewa ƙasar wurin ce mai yawan siliniyom, ciyawa ta zuƙa, dawakai suka ci. Labari bai juya ba sai a 1957, lokacin da Klaus Schwarz da Calvin Foltz suka nuna cewa ɗan ƙanƙanen kaso na wannan guba yana hana hantar ɓera lalacewa. A 1973 kuma masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka gano dalilin: siliniyom wani ɓangare ne na sinadarin da jiki ke ƙerawa don kwashe dattin da ke cinye ƙwayoyin halitta.

Wannan datti kullum jiki na samar da shi. Duk lokacin da doki ya yi sukuwa, tsokarsa tana ƙona abinci da iska, ƙonawar kuma tana barin wasu abubuwa masu cin jiki. Haka su ma fararen ƙwayoyin jini, idan sun tare ƙwayar cuta, da irin waɗannan abubuwa masu ƙuna suke kashe ta, kuma idan babu mai sharewa a bayansu sai su cutu da makaminsu. Bitamin E yana tsare bangon ƙwayar halitta, sinadarin da ke ɗauke da siliniyom yana share abin da ya tsallake. Shi ya sa ake haɗa su a kwalba guda, kuma shi ya sa ƙarancin ɗaya ke ƙara wa ɗayan nauyi.

Inda ƙarancin ya yi tsanani, dukushi ne ke fara biya. Goɗiyar da ba ta samu isasshe ba lokacin da take da ciki za ta iya haifar ɗan da ba ya iya miƙewa, ko ya miƙe ya kasa kama nono, wani ma zuciyarsa ta tsaya farat ɗaya. Idan aka buɗe gawar sai a ga tsokar ta koɗe ta yi fari-fari, shi ya sa ake kiran ciwon cutar farar tsoka. Babban doki ma yakan nuna alama: sanƙarewar jiki, fitsari mai duhu, ko tsokar muƙamuƙi ta kumbura har tauna ta yi masa wuya.

To ina batun garkuwar jiki da ake ta yayatawa? Akwai bincike, amma bai kai kirarin da ake yi masa ba. A ƙasar Norwe, a 1986, an gwada dawakan da abincinsu ke da ƙarancin siliniyom da bitamin E, aka ga waɗanda aka ƙara wa duka biyun sun fi samar da makaman kariya a jini bayan an yi musu rigakafin murar dawakai da na cutar sarƙewar haƙora. A 2013 kuma Mieke Brummer da abokan aikinta a Jami'ar Kentucky suka fitar da sakamakon gwajin da suka shafe fiye da shekara guda suna yi a kan dawakai 28. Sun rage wa wasu siliniyom na tsawon watanni, suka bar wasu a kan daidai kima, daga baya suka ƙara wa wasu har ya ninka kimar fiye da sau biyu. Waɗanda aka rage wa sun nuna rauni a wasu sassa na garkuwar jiki. Amma ninkawar ba ta sa rigakafi ya fi kama jikin doki fiye da na wanda ke cin daidai buƙatarsa ba.

Duk wanda ya karanta waɗannan sakamako da idon basira zai ga abu guda: siliniyom yana gyara dokin da ya rasa shi, wanda ya ƙoshi kuwa ba ya ƙara masa komai sai haɗari.

Kimar ita kanta abin mamaki ce. Majalisar binciken kimiyya ta Amurka, a littafinta na abincin dawakai na 2007, ta ƙayyade cewa doki mai nauyin kilo 500 da ba ya aikin wahala yana buƙatar kimanin miligiram 1 a rana. Ƙwayar gero guda ta ninka wannan nauyi sau da dama. Dawakan ƙasar Hausa kuwa mafi yawansu ba su kai kilo 500 ba, buƙatarsu ma ba ta kai hakan ba ke nan. Abin da ake aunawa da irin wannan ma'auni ba na kintace ba ne, ba kuma na "ɗan ƙara masa kaɗan, ai babba ne" ba.

Wanda ke ganin an cika tsoro, ya tuna abin da ya faru ranar 19 ga Afrilu, 2009, a garin Wellington na jihar Florida. Ƙungiyar folo ta Lechuza Caracas, ta wani attajiri ɗan Benezuwela, ta iso filin gasar folo mafi girma ta Amurka. Ana sauke dawakai daga mota sai suka fara tangaɗi suna zubewa a gaban 'yan kallo. Likitoci suka rufu a kansu da ƙarin ruwa da ƙanƙara, amma kafin a ankara dawakai 21 sun mutu. Binciken hukumomin jihar ya tabbatar da cewa siliniyom ne ya yi musu yawa. An yi musu allurar ƙarin kuzari kafin wasa, wadda wani kantin haɗa magunguna ya haɗa, kuma kantin ya amsa cewa an yi kuskure wajen awo. Waɗannan dawakai ne na miliyoyin daloli, da ƙwararrun likitoci tsaye a kansu, a ƙasar da asibitin dawakai ke kusa. Ba a ceci ko ɗaya cikin waɗanda gubar ta kama sosai ba, domin gubar siliniyom ba ta da makari. Idan haka ta faru a can, sai a ƙiyasta makomar dokin da ke ɗaure a turke a Girkau, wanda yaron gida ne ya zuƙo maganin a sirinji da hasken tocila.

Kuma ba sai an yi kuskure irin na Florida ba. Kwalaben ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kamfanin Merck kaɗai yana da iri uku a kasuwar Amurka: BO-SE na 'yan maruƙa da tumaki mai miligiram 1 a kowace mililita, E-SE na dawakai mai 2.5, da MU-SE na shanu mai 5. Sirinji guda, cika guda, amma wani ya ninka wani sau biyar. Hatta wanda aka yi domin dawakai, takardar da ke cikin kwalinsa ta yi gargaɗin cewa wasu dawakai jikinsu kan ƙi allurar nan take, har ta kai ga mutuwa. Mai saye a ƙauye sau da yawa ba ya ganin wannan takarda, ko ya gan ta da Turanci ko Faransanci, ko kuma a ɗura masa maganin a sirinji a ba shi ba kwalba ba kwali. Ga kuma tarawa: a yi allura, a rataya dutsen lasa mai sinadarai, a zuba garin bitamin a dusa, kowanne da nasa siliniyom, babu mai lissafi. Irin wannan ba ya kashewa yau, sai bayan watanni a ga gashin wutsiya yana zuba, kofato ya tsage a kwance, doki ya kama ɗingishi, a yi ta zargin sammu ko kambun baka.

Tambayar da ta kamata ita ce ko abincin da dokin ke ci yana da ƙarancin, kuma amsarta tana cikin ƙasar da abincin ya tsiro. Tsiro ba ya ƙirƙirar siliniyom, abin da ya samu a ƙasa shi yake zuƙa. Ƙasa mai tsami tana riƙe shi ta hana saiwa, ƙasa mai kanwa-kanwa tana sakinsa. Wani babban bincike da mujallar Nature ta buga a 2021 a kan hatsin Habasha da Malawi ya nuna cewa irin hatsi guda yakan bambanta ƙwarai a yawan siliniyom daga wannan gunduma zuwa waccan. Ƙasar Finlan da ta gano nata ƙarancin, sai ta fara zuba sinadarin a takin zamani tun 1984, amma bayan ta auna ƙasa da abinci da jinin mutane da dabbobi, kuma har yau tana bibiya tana gyara kimar.

A kudancin Sakkwato ma ba ƙasa iri ɗaya ake nomawa ba. Laka ta fadamun Gulbin Zamfara da ke ratsa ƙasar Kebbe daban, jigawar tudu daban. Sannan dokin gari ba abin gonar gidansu kaɗai yake ci ba. Harawar wake da ta gyaɗa tana iya fitowa daga Gummi ko Jega, gero da dawa daga wata kasuwa. Dusar alkama kuwa tafiyarta ta fi haka nisa, domin yawancin alkamar da manyan injinan fulawa na Nijeriya ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, kuma alkamar Amurka da Kanada ta yi suna wajen yawan siliniyom. Ke nan dokin attajiri da ke shan dusar kamfani kullum yana iya kasancewa ya riga ya ƙoshi, kuma shi ne aka fi saya wa allura. Goɗiyar talaka da ke kan kara da busasshiyar ciyawa, wadda ita ce ta fi zama abin damuwa, babu mai waiwayarta.

Masu dawakai suna da hujjar da ba za a raina ba. Za su ce gwajin jini kuɗi ne, na'urar auna irin wannan sinadari ba a Kebbe take ba, kuma mutum ba zai zuba ido dokinsa na ramewa yana jiran sakamako daga birni ba. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce a kan hukuma, ba lasisin yin allura a makance ba. Ba kowane doki ne sai an auna ba. Abin da ake buƙata shi ne a ɗebi jinin wasu dawakai daga kowace gunduma, da samfurin harawa, ingirici, dusa da ƙasa, sau ɗaya da damina sau ɗaya da bazara, a fitar da taswirar da malamin dabbobi zai riƙa dubawa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a Sakkwato, kan titi ɗaya da Tambuwal. Ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika a Zariya, ga ta Vom da ke aiki tun 1924. Ɗaliban digiri na biyu da na uku suna neman abin da za su bincika kowace shekara. Kuma ba doki kaɗai zai amfana ba, domin cutar farar tsoka tana kama 'yan raguna, 'yan awaki da maruƙa, a jihar da jar akuyarta ta yi suna har ƙasashen waje. Mutanen da ke cin geron wannan ƙasa su ma sakamakon ya shafe su.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ya fi siliniyom gaggawa, kuma kowane mai barga ya san shi. A ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 murar dawakai ta ɓarke a jihar Sakkwato, ta kashe jakuna da yawa, ta taɓa dawakai, ta kuma bazu a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Da damina akwai annobar dawakai ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro girma ba ke yaɗawa daga faduwar rana zuwa asuba, kuma dokin da ta kama da wuya ya tashi. Ga kaska da ke sa zazzaɓi da ƙarancin jini, ga tsutsar ciki, ga sarƙewar haƙora da ke shiga ta ciwon kofato ko gyambon sirdi. Babu ɗaya cikin waɗannan da allurar siliniyom ke hanawa. Dokin da tsutsa ta cinye, ko aka bar shi da ƙishirwa a zafin Afrilu, garkuwar jikinsa ta riga ta faɗi ko da jininsa cike yake da sinadarin.

Akwai kuma abokin tafiyar siliniyom da ake mantawa. Bitamin E a ɗanyar ciyawa yake, kuma yana raguwa tun daga ranar da aka yanke ta aka shanya, yana ci gaba da raguwa a ajiya. A yankin da ruwan sama ke ɗaukewa a Oktoba ba ya dawowa sosai sai wajen Yuni, doki yakan yi wata bakwai ko takwas a kan busasshen abinci. Matsalar tsaro da ta addabi dazuzzukan Kebbe ta ƙara tsananta lamarin, domin shiga daji yankan ciyawa ya zama kasada. Damin ɗanyar ciyawa daga fadama ko gefen lambu sau biyu ko uku a mako, da harawar da aka shanya a inuwa ta riƙe korenta, sun fi kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba amfani, kuma ba su taɓa kashe doki don sun yi yawa da cokali ɗaya ba.

A nan ya kamata a yaba wa magabata. Haɗin da suka saba yi na hatsi ko dusa tare da harawa yana da hikimar da kimiyya ta tabbatar daga baya. Dusa tana da yawan sinadarin fosfaras da ƙarancin kalsiyam, kuma dokin da aka ɗora a kanta ita kaɗai ƙasusuwansa kan yi laushi, fuskarsa ta kumbura. Harawar wake da ta gyaɗa tana da kalsiyam mai yawa, sai ta daidaita. Kanwa da gishirin da ake ba doki su ma suna da aikinsu wajen mayar da abin da gumi ya fitar, sai dai ba su ne maganin ƙarancin siliniyom ba, kada a haɗa biyun.

Idan gwaji ya nuna akwai ƙaranci, hanyar gyara sananniya ce kuma ba ta da tsada: a ba shi ta baki, a cikin abinci, kaɗan-kaɗan kullum, gwargwadon nauyin dokin, a kuma lissafa duk abin da yake samu daga wasu wurare. An fi kula da goɗiya a watannin ƙarshe na ciki, domin ta mahaifa da dakashi ɗanta ke samun rabonsa. Allura ta likita ce, ga dabbar da ta riga ta nuna ciwo. Kuma jiki yana ɗaukar makonni kafin ya gina sinadarin kariyar nan a cikin jini, saboda haka allurar jajibirin Sallah ba ta da abin da za ta ƙara wa hawan gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, jihar Sakkwato kuma tana da ma'aikatar lafiyar dabbobi tun kafin nan. Ga aiki ƙarami da za su fara da shi a Tambuwal da Kebbe: su ɗauki nauyin auna jini da abincin dabbobi, su buga sakamakon da Hausa, su kuma haɗa kai da hukumar kula da magunguna ta NAFDAC a hana sayar da allurar da ba ta da kwali da takarda. Iyayen ƙasa, waɗanda su ne manyan masu dawakai kuma maganarsu ake ji a kowace barga, su fara da nasu turakun. Mai doki kuwa, duk wanda ya zo masa da allurar ƙarfi, ya nemi ganin kwalbar, ya sa a karanta masa abin da ke ciki, idan an ambaci siliniyom ya dakata har sai likitan dabbobi ya duba dokin.